Shafin Anti: In riƙe kod ɗina ko in koma Laravel?

Assalamu alaikum Anti. Ni matashi ne a Zariya, sana'ata rubuta manhajar intanet da harshen kwamfuta na PHP, galibi shafin duba sakamakon jarrabawa na makarantu masu zaman kansu. Tun ina ɗalibi na rubuta wani fayil da ke yi mini duk wata hulɗa da rumbun bayanai na MySQL: shigarwa, nema, gyara, gogewa. Duk sabon aiki sai in kwafe shi in ɗora. Na san kowane layi nasa, kuma yana gudu ko a hayar saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafi a intanet) mafi arha.

To yanzu mun samu aikin wani babban shagon magani, ni da abokina. Ya kafe sai dai mu yi da Laravel, wani shiryayyen tsarin gina manhaja da PHP, har ya ce fayil ɗina tarkace ne, a gaban mutane. Hujjarsa ita ce kwanaki shafin wata makaranta ya tsaya da aka zo shigar da sunan Sa'adatu, alhali na gyara wannan tuni, na sa yana cire waƙafin sama daga sunaye. Ni kuma Laravel ya yi mini nauyi, ban san abin da yake yi a ɓoye ba. Niyyata in inganta nawa ya zama cikakken tsari. Mun kusa sati ba ma magana. Ina mafita?

Ƙaninki, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Bar batun abokinka tukuna, mu tsaya a kan Sa'adatu, domin nan ne hankalina ya tashi.

Shafin ya tsaya ne saboda kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye a cikin umarnin SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi. Waƙafin da ke tsakiyar sunan ya rufe zance kafin lokacinsa, sai MySQL ya ɗauki ragowar, wato adatu, a matsayin umarni, ya rasa gane shi. Ƙofar da sunan yarinyar nan ya buɗe bisa tsautsayi, ita ɓarawo ke nema da gangan. Zai zo akwatin shiga ya rubuta ' OR '1'='1, sharaɗin ya zama gaskiya ga kowa, ya shige ba tare da kalmar sirri ba. Ta irin wannan ɓaraka aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 a kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila a 2015, aka ci tarar kamfanin fam 400,000. Cire waƙafi bai toshe ramin ba, tunda inda ake jiran lamba ko waƙafin ba a buƙata. Ka dai ɓata wa Mu'azu da Isma'il da Asma'u suna a takardar sakamako.

Maganin yana cikin PHP ɗin kansa tun 2005, wato PDO: ka rubuta umarni da gurbi, ka aika bayanin daban, rumbun ba zai taɓa ɗaukarsa a matsayin umarni ba. Kana cikin gyaran, duba ko teburan rumbunka suna kan tsarin haruffa na utf8mb4, domin in suna kan latin1 Ɗanladi da Ƙasimu za su fito da alamar tambaya a farkon suna.

Ga kuma illar kwafe-kwafe. Ramin nan ɗaya yana cikin shafin kowace makaranta da ka yi wa aiki, kuma na tabbata kwafin sun riga sun sha bamban, wannan ka taɓa nan, wancan ka taɓa can. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Burinka na gina naka ba hauka ba ne. Rails, wani tsari irin Laravel, daga cikin aikin manhajar Basecamp David Heinemeier Hansson ya zaro shi a 2004. Django, shi ma tsari ne irinsu, a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka aka haife shi, aka sake shi a 2005. Laravel ma mutum ɗaya ne, Taylor Otwell, ya fara shi a 2011. Sai dai tun daga lokacin dubban idanu sun bi ta kansu, an kai musu hari, an toshe. Kai kuwa bayan rumbun bayanai da sauran aiki a gabanka: adana kalmar sirri, kare fom daga buƙatun bogi, rabon izini tsakanin mai shago da yaron kanta, ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa tebura. Kafin ka gama, mai shagon ya nemi wani. Sannan ranar da ka kwanta rashin lafiya ko ka tafi bautar ƙasa, wa zai karanta fayil ɗin da kai kaɗai ka san kansa? Mai Laravel ana samunsa a Kano da Kaduna da Abuja, littafin bayaninsa kuma yana intanet kyauta.

Saboda haka a aikin shagon magani ina bayan abokinka, duk da bakinsa ya yi kaushi. Inda ake lissafin kuɗi da ranar lalacewar magani ba wurin gwajin sabon tsari ba ne. Tsoronka na abin da ke ɓoye shi ne ma amfaninka a tafiyar. Eloquent, sashen Laravel mai magana da rumbu, yana da sauƙin jawo ɓarna a hannun wanda bai san SQL ba: a jero magunguna 500, a nemi sunan dillalin kowanne, sai ya aika tambaya 501 maimakon 2, shafi ya riƙa jan ƙafa. Kai za ka hango wannan, abokinka wataƙila sai mai shago ya yi ƙorafi. Ku raba aikin haka, tsara tebura da sa ido kan tambayoyi naka, sauran nasa.

Tsofaffin shafukan makarantun kada ka rushe su don sake gini, ba wanda zai biya ka. Mayar da fayil ɗin kan PDO, ka ajiye kwafi guda a Git (ma'ajiyar kod mai riƙe tarihin sauye-sauye) wanda duka za su riƙa ɗauka daga gare shi, ka fara da shafukan shiga a makon nan. Shi kuma abokin naka, kira shi yau, ka gaya masa ka yarda da Laravel a wannan aikin, amma gyara irin wannan a keɓe ake yi wa mutum.

Anti