Abin da ke danne ki cikin barci

'Yar uwa daga Gombe, kin ce kina farkawa ki ji an danne miki ƙirji, ko yatsa ki kasa ɗagawa. Kwantar da hankalinki, dannau ne. A matakin barcin da aka fi yin mafarki, wanda masana a Amurka suka gano a 1953, ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya tashi yana aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai hankali ya riga jiki farkawa. Ya fi kama mai kwanciya rigingine da wanda barci bai ishe shi ba, kamar daren zafin Afrilu idan an ɗauke wuta. Ki riƙa kwanciya ta gefe. In ya yawaita, don Allah ki ga likita.