Yadda Wasan Tarihi Mai Waƙa Ke Komawa Fim

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin 1776, sai na ji ashe wasan dandamali ne tun asali. Me ake canzawa idan za a mayar da irinsa fim, kuma ina ake tuntuɓe? Daga wata ɗalibar wasan kwaikwayo, Zariya.

Amsa: Malama, an fara wasan a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan dandamali ta birnin New York, a 1969. Sherman Edwards ya yi waƙoƙin, Peter Stone ya rubuta labarin muhawarar da wakilan Amurka suka tafka a Filadelfiya a shekarar 1776 kan ɓallewa daga Birtaniya. A 1972 mai shirya finafinai Jack Warner ya ɗauko daraktan wasan, Peter Hunt, da yawancin manyan 'yan wasan, har da William Daniels mai fitowa a John Adams, ɗaya daga cikin wakilan, aka yi fim.

Babbar matsalar ita ce kusanci. A dandamali ɗan wasa yana ɗaga murya da hannu domin na layin ƙarshe ya ji, ya gani. Idan kyamara ta matso gaban fuskarsa, wannan wasan sai ya zama ihu. Dole ya rage motsi, ido ya yi aikin. Gashin kanti da kwalliyar da ke wucewa daga nesa su ma sai an sake su, don kyamara na tona bakin ɗinki.

Sai waƙa. Al'adar ita ce a naɗe ta a sutudiyo, a kunna wajen ɗauka, ɗan wasa ya bi da baki, kamar yadda ake yi a Kannywood. Inda ake kuskure shi ne numfashi: mutum yana tafiya cikin fushi, muryarsa kuwa a kwance, nan take mai kallo ya gane. Masu fim ɗin waƙa Les Misérables na 2012 sun sa an rera kai tsaye, mai fiyano yana kaɗa wa kowa ta 'yar na'urar kunne, daga baya aka ɗora sauran kiɗan. Illarsa, saurin waƙar kan bambanta daga ɗauka zuwa ɗauka, haɗawa ta yi wuya.

A ganina, fim ɗin 1776 ya fi ƙarfi inda ya zauna a zauren majalisa, da zafinsa da ƙudajensa. Akwai wajen rabin awa na gardama ba waƙa, kyamara na bin fuskar kowane wakili.

Ki lura da kwafin da kika samu. An cire waƙa guda da ke sukar masu ra'ayin riƙau bayan Shugaban Amurka Nixon ya roƙi Warner, kuma an dawo da ita a faifan DVD na 2002.