Yaya Sarakuna Biyu Suka Mulki Sparta a Lokaci Guda?

Tambaya: Malam, na karanta cewa birnin Sparta na tsohuwar Girka yana da sarakuna biyu a lokaci guda. Yaya suka raba iko ba tare da sun halaka juna ba, kuma wane ne ke jagorantar yaƙi?

Amsa: Haka ne. Sarautar Sparta tana hannun gidaje biyu, Agiyad da Yuripontid, kowanne da kujerarsa ta gado, dukansu kuma suna danganta asalinsu da Herakles, jarumin tatsuniyoyin Girkawa. Abin da ya sa tsarin ya daɗe shi ne, a cikin gari ikon sarki kaɗan ne. A zaman lafiya aikinsa ya fi karkata ga addini, domin shi ke gabatar da hadayu a madadin jama'a, yana kuma yanke hukunci kan hanyoyin gari da auren 'yar da ta gaji dukiya ba ta da ɗan'uwa namiji. A majalisar dattawa mai mutum 30, sarakunan biyu suna zama ne tare da dattawa 28 da suka kai shekara 60.

Masu riƙe da linzami su ne Eforai, jami'ai biyar da ake zaɓa duk shekara. Kowane wata suna musayar rantsuwa da sarki: shi zai bi doka, su kuma za su bar masa kujerarsa muddin ya cika alkawari.

A fagen fama kuwa sarki ne kwamanda mai cikakken iko. Da farko sarakunan biyu kan fita tare, sai wajen shekarar 506 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da sarakunan Kiliyomenis da Demaratus suka saɓa a garin Elusis da ke kusa da birnin Atens har rundunar ta watse, aka kafa doka cewa sarki ɗaya kawai zai fita. Ko a hakan, Eforai biyu sukan bi shi suna lura.

Mutuwa a fagen daga ta fi dawowa da kunya sauƙi. An kashe Sarki Liyonidas a yaƙin Tamofile a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Kiliyombrotus kuma a yaƙin Liyuktira a 371. Sarki Filistowanas kuwa, da ya janye rundunarsa daga Atika, yankin birnin Atens, a 446, an zarge shi da karɓar rashawa, ya tafi gudun hijira na kusan shekara ashirin.