Likita, wai meye gwajin kalsitonin ɗin nan?

Tambaya: Salam likita, mahaifiyata ce ke da kumburi a wuya, bayan an yi mata sikanin sai aka rubuta gwajin jini na kalsitonin, wlh hankalinmu ya tashi dan an ce na kansa ne.

Amsa: Wa alaikis salam, Allah ya ba Mama lafiya. Ki kwantar da hankalinki, rubuta gwajin ba ya nufin an ga kansa. Kalsitonin sinadari ne da wasu ƙwayoyi ke fitarwa a cikin tayirod, wannan halittar da ke gaban maƙogwaro, to akwai wata irin kansa da ake kira medulari wadda daga waɗannan ƙwayoyin take tasowa, shi ya sa in ta samu sai kalsitonin ya yi sama sosai a jini. Amma ba ta da yawa gaskiya, akasarin kumburin wuyan da muke gani maƙoƙo ne ko ƙulli mara illa. A mafi yawan ɗakunan gwaji ƙasa da 10 lafiya lau ne, in ya haura 100 ne zargi ke ƙarfi. In kuma aka tabbatar ita ce, dan Allah ku 'ya'yanta kar ku ƙi zuwa a gwada ku, kusan kashi 25 cikin 100 nata gado ne, kuma in an gano da wuri tiyata na maganinta.

Tambaya: Dakta, gwajin kalsitonin ɗina ya fito 14, ina kuma shan omeprazole saboda olsa.

Amsa: Omeprazole ɗin kansa yana iya ɗan ɗaga shi, haka ciwon ƙoda da shan taba. Ka faɗa wa likitanka, a maimaita a ɗakin gwajin da aka yi na farko.

Tambaya: An cire min tayirod sati biyu kenan, yanzu yatsuna da leɓena na min zuuu kamar ana tsira allura, wani lokacin hannu ya ɗaure. Rashin kalsitonin ne?

Amsa: A'a 'yar uwa, mutum na rayuwa lafiya ba kalsitonin, aikinsa wajen rage kalsiyam a jini kaɗan ne. Masu riƙe kalsiyam da gaske wasu 'yan halittu ne guda 4 a bayan tayirod, ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, ana ce musu paratayirod, tiyata kan taɓa su sai kalsiyam ya sauka. Ki koma asibiti yau ɗin nan a auna miki kalsiyam, kar ki jira ranar kilinik, dan in ya sauka sosai har bugun zuciya yana taɓawa.