Haɗa Okta da ElevenLabs ba tare da rubuta kod ba

Malam, ka ce kana so duk sanda aka buɗe wa sabon ma'aikaci akawun a Okta (manhajar da kamfanoni ke kula da shigar ma'aikata akawun ɗinsu da ita), ElevenLabs (manhajar da ke mayar da rubutu ya zama murya) ya haɗa masa saƙon murya na barka da zuwa, kuma ba ka iya kod ba. Zai yiwu wallahi, Make ko n8n, manhajojin da ke haɗa wata manhaja da wata, za su yi maka.

A Okta ka saita Event Hook (sanarwar da Okta ke turawa in wani abu ya faru) a kan user.lifecycle.create, wato buɗe sabon akawun, ka ba shi adireshin webhook ɗin Make (inda Make ke karɓar sanarwar), daga nan sunan mutumin ya shiga rubutun gaisuwa, ElevenLabs ya mayar da shi MP3 a tura masa ta imel ko Slack. Inda mutane ke maƙalewa shi ne karon farko, Okta sai ya turo wata lambar gwaji a cikin header (bayanin da ke saman saƙon) yana jira ka dawo masa da ita, in ba ka sa Webhook response a Make ba, wato matakin da ke mayar da amsar, to ko motsi ba zai yi ba.

Amma don Allah kar ka bari fasuwod ko OTP ya bi ta nan, duk abin da ya wuce yana zaune a tarihin Make kuma ya je sabar wani kamfani. Sunan farko kawai ya isa. In za ka ba Make API token ɗin Okta (makullin shiga), ka ƙirƙire shi daga akawun ɗin admin mai izinin karantawa kaɗai.