Tsohuwar roba ko sabuwa? Amsa ga mai sayar da zoɓo

Wata baiwar Allah da ke sayar da zoɓo da kunun aya a bakin tasha a Kano ta aiko da tambaya. Ta ce robobin da yara ke tsintowa take saye saboda arha, tana wanke su da omo. Sababbi sun yi tsada, tana tsoron idan ta koma musu riba za ta gudu.

Hajiya, ki fara duba murfin robar da kika wanke. A cikin zaren murfin nan dauɗa ke maƙalewa, ruwan omo ba ya fitar da ita. Ba ki kuma san me aka zuba a robar kafin ta zo hannunki ba, wataƙila maganin ƙwari ne, wataƙila daga kwata aka ɗauko ta. Ba ki manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da gurɓataccen garin ɗan tsami ya kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, har hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta shiga lamarin. A lokacin har masu sana'ar da ba ruwansu sai da ciniki ya yi musu ƙasa. A tasha kuwa, direba ɗaya ya ce zoɓonki ya ɓata masa ciki, kafin la'asar duk layin ya ji.

Kada ki sayi sabuwar roba ɗai-ɗai. Ki haɗa kuɗi da masu sana'a irin taki biyu ko uku, ku ɗauko buhu a farashin sari, ku raba. Sannan ki sa kuɗin robar a cikin farashi. Idan kina ganin masu saye za su yi ƙorafi, ki koma ƙaramar roba a tsohon farashi, babbar ki ɗan ƙara mata.

Ni ma dai ba robar ce ta fi damuna ba, kunun ayar ne. Ba ya jure zafi, yana rasa sanyi zai fara tsami. Ki riƙa yin daidai wanda zai ƙare kafin azahar, wanda ya kwana kada ki gauraya shi da sabo. Ƙanƙara kuma ki jera ta a kula kewaye da robobin, kada ta shiga cikin abin shan, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ruwan haɗi ki tafasa shi, musamman da damina da kwalara ke yawo.

Ki rubuta cinikin mako biyu a littafi bayan kin canza robar, ki turo mini mu duba tare.