Amsa: Cin abincin Italiya ba tare da alade ba

Ɗan'uwa, ka ce ku abokai shida za ku zaga Roma, Fulorans da Benis, kana tambaya ko za ku iya cin abincin gari ba tare da kun faɗa wa naman alade ba. Za ku iya sarai, kuma ba sai kun maƙale a shagunan kebab ba. A Roma ku nemi cacio e pepe, taliya ce da cuku da masoro kawai, amma daɗinta ya wuce yadda kake zato. Ku guji taliyar carbonara da amatriciana da gricia, duk ukun da guanciale ake yin su, wato kumatun alade da aka busar da gishiri. A Benis kuwa kifi ne zai cece ku, musamman baccalà mantecato, busasshen kifi da ake kirɓawa da man zaitun har ya yi laushi, a shafa a kan burodi ko polenta, wato tuwon masara irin na Italiya.

Sharaɗin dai shi ne ku riƙa tambaya, domin abin da ke ɓoye ya fi wanda ido ke gani haɗari. A iya sanina, piadina (wani burodi mai faɗi) da sfogliatella (wani gashin fulawa mai zaƙi) galibi da strutto ake kwaɓa su, kitsen alade ke nan, risotto kuma, wato dafaffiyar shinkafa irin tasu, sau da yawa ana zuba masa giya wajen dahuwa. Ku wakilta mutum ɗaya ya yi magana da mai kawo abinci a madadin kowa, ya ce "senza maiale, senza strutto, senza vino", wato ban da naman alade, ban da kitsensa, ban da giya, tun kafin a rubuta oda. Idan shida suka yi ta magana lokaci guda, a nan ake samun kuskure.